Minti Goma Sha Ɗaya na Baba

Asabar, 3 ga wata

Zuwa ga taubashiyata Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki a can saman dutse. Mu nan lafiya lau, sai tarin da ya kama uwargida Malama makon jiya, shi ma ya sake ta har ta koma aji. Har yau dariya nake yi idan na tuna ke ce mai kafa wa mutane turakun waya, kuma ke ce ba a samu a waya, sai dai a ba direban motar kayanku takarda.

Inna jiki da ƙarfi, amma idon ne. Ranar Talata na kai ta asibiti. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama ma jijiyar tana mutuwa a hankali. Na tambaye shi saura wata nawa, ya ce kada mu sa rai da sauran ganin bayan wata uku. Yanzu sai abu babba mai haske take gani.

Ga dalilin takardar, kuma ki yi haƙuri da rubutun, cikin murna da gaggawa nake yinsa. Mai ginin da Baba ya yi shagon gyaran agogo ya zo gyara, ya tarar da wani kwali a bayan kanta, ya aiko mana. A ciki akwai kaset ɗin bidiyo. Ashe wani ya taɓa kawo kyamara Baba ya ɗaure masa wani ɗan sukuru, da zai gwada ta sai ya ɗauki Baba yana aiki. Minti goma sha ɗaya! Yana magana, yana dariya, har yana yi wa mutumin faɗa ya matsa ya daina tare masa haske. Shekara biyar rabona da muryar nan.

Sai dai hoton duhu ne, Baba kuma ɗan mitsitsi a can kusurwa. Inna ba za ta ga komai ba. Na kai wa mai situdiyo ya tura mini shi a filas na kwamfuta, na ce ya ƙara girman fuskar, sai ya cika mini shi da furanni masu yawo da kiɗa. Na karɓi na asalin na taho. Na koyi yadda ake yi da kaina: a yanke gefe, a matso da fuska, a ƙara haske. Amma da na fara sai kwamfutata ta sandare. Na gwada sau tara, na rubuta duka, mafi tsawon da ta jure daƙiƙa arba'in da biyu.

Mai kula da kwamfutocin ofishinmu ya ce RAM ɗinta ne ya yi kaɗan. Ya ce shi RAM kamar teburin aiki ne, in ƙarami ne sai kaya su riƙa zubewa. Nawa giga huɗu ne, ya ce in nemi sha shida, amma dole ya dace da babban allon ciki, wanda suke kira madabod. Na zaga shaguna uku, kowa da abin da yake faɗa, na rikice. Ke na yarda da ke. Lambar allon tana jikin 'yar takardar da na liƙa a ƙasa. Ban ma sha wahalar buɗe kwamfutar ba, don ranar da na saye ta na kwafe duk abin da ke jikin kwalinta a littafin da nake rubuta abubuwan yau da kullum, na sha huɗu, shafi na 62. Na duba sau uku.

Ban gaya wa Inna komai ba tukuna. So nake ta gani kawai.

Naki,
Magatakarda

*

Alhamis, 8 ga wata

Magatakarda sarkin rubutu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai rana da iska, na yi baƙi har ba za ka gane ni ba. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata 'yar ƙaninta na nan tana yi mata addu'a. Ka gaida Malama da haƙurin zama da kai.

Wallahi da na zo wajen kaset ɗin nan sai da na ajiye takardar na share ido. Ina jin muryar Baba a kunnena: "Matsa, kai ba gilashi ba ne." Ni ma haka yake kora ta in na leƙa masa agogo.

Yau dai littattafan nan naka sun yi rana. Mutumin da ke rubuta ranar da ya canza igiyar takalmi! Na ba direba lambar, mai ajiyar kayanmu ya samo guda biyu, kowanne giga takwas, sababbi fil. Ga su nan cikin leda mai ruwan toka.

Saurara, don na san ka. Zare wuta tukuna. Taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin ka taɓa komai a ciki. Riƙe RAM ta gefe, ban da wajen haƙoran nan masu ruwan zinari. A tsakanin haƙoran za ka ga wushirya, ɗan giɓi guda. A cikin gurbin da za ka sa shi kuma akwai ɗan tudu. Wushirya kan tudu, danna, ka ji ƙas. Shi ke nan. Minti biyar ne, ba sai ka buɗe masa sabon littafi ba.

Ka ajiye mini kwafi, ni ma ina son ganin Baba.

Taubashiyarka

*

Lahadi, 11 ga wata

Injiniya,

Bayan gaisuwa, saƙo ya iso jiya da hantsi, Allah ya saka da alheri. Kowa lafiya. Inna ta amsa, ta ce ki riƙa rufe kanki daga rana.

Ba zan ɓoye miki ba, da na karɓi ledar nan sai da na zagaya falo sau biyu kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Na share tebur, na shimfiɗa farin ƙyalle, na jera sukudireba da faranti na zuba sukurori, kamar yadda Baba ke yi. Na bi umarninki ɗaya bayan ɗaya, ina sa alama da fensir.

Ya ƙi shiga.

Tsawonsa daidai ne da gurbin. Amma wushiryar ba ta hau tudun ba. Na juya shi, ta ƙara nisa. Na gwada ɗayan, haka. Na gwada ɗayan gurbin, haka. Na ciro tsohon na ɗora sabon a kansa: tsawo ɗaya, amma giɓin tsohon ya fi matsawa gefe. Na auna da rula, bambancin bai kai faɗin farcen ɗan yatsana ba.

Na koma shafi na 62 na karanta lambar harafi-harafi, Malama na riƙe da kwafin lambar da na aiko miki. Babu kuskure. To ina matsalar take? Ko ni ne ban iya ba? Kin san ni da aikin hannu, Baba ma da ya ga yadda nake riƙe hantsaki cewa ya yi in je in riƙe biro. Ko kuwa can wajen ƙera shi ne suka tsaga giɓin a inda bai dace ba? Ana yin haka?

Ban karaya ba, murnata tana nan. Abu ne na faɗin farce kawai tsakanina da Baba. Ina jiran amsarki ranar Alhamis.

Magatakarda

*

Laraba, 21 ga wata

Injiniya,

Ina fatan lafiya, don shirun ya yi yawa. Ranar Alhamis na je tasha na zauna har aka yi la'asar, motarku ba ta zo ba. Na sake karanta wasiƙata a kwafin da na ajiye, na ga inda na ce ko an tsaga giɓin ba daidai ba. Idan kin ɗauka ina nufin kin aiko mini da jabu, wallahi ba haka nake nufi ba. Ki yafe ni.

Mu lafiya, amma jiya Inna ta miƙa wa Malama hannu tana kiran sunana. Tsakaninsu bai fi taku uku ba, da rana tsaka. Na lissafa, kwana ashirin da biyu ke nan sun tafi daga wata ukun likita.

Mai kula da kwamfutocin ofishinmu ya tafi hutu, don haka na yi tunani ni kaɗai, kuma ina ganin na samo mafita, har na kasa zama don zumuɗi. A akwatin kayan Baba akwai ɗan siririn magagarin da yake gyara haƙoran agogo da shi. Tunda lamba daidai take, kuma tsawo daidai yake, abin da ya rage giɓi ne. Na auna, na sa ɗigo da jan biro a inda ya kamata ya kasance. Haƙori uku kawai zan ci. Sauran sun fi ɗari biyu, na ƙirga, ban ga abin da uku za su rage ba.

Zan jira motar gobe. In ba ta zo ba, ranar Asabar da safe zan tsaga, in sha Allahu. Ina jin Lahadi Inna za ta ga Baba.

Naki,
Magatakarda

*

Litinin, 26 ga wata

KADA KA TSAGA!

Gaisuwa daga baya. Magatakarda, don girman Allah ajiye magagarin nan. In ka riga ka tsaga, kada ka jona wuta. Ka ji ni? Kada ka jona.

Ruwa ne ya cinye hanya a ƙasan dutse, mota ta kwana goma sha ɗaya ba ta hawo ba. Yau direba ya miƙo mini wasiƙunka biyu a haɗe, na karanta ta biyun a tsaye, na kurma ihu har leburori suka zaci maciji ne. Na roƙe shi ya juya yau ɗin nan. Fushi kuma, da wa? Ni da nake tsokanarka tun muna wasan ƙasa, yau zan yi fushi kan giɓi?

Wushiryar nan ba kuskure ba ce, mai gadi ce. RAM iri-iri ne, akwai tsohon samfuri, akwai sabo, kuma ba ƙarfin wuta ɗaya suke ci ba. Da gangan aka matsar da giɓin don kada mutum irinka ya cusa wani a gidan wani. In ka tsaga ya shiga, wuta za ta bi inda bai kamata ba, ka ƙone RAM, ka ƙone allo, wataƙila har da abin da ka ajiye a ciki.

Abin da ka gani da idonka shi ne gaskiya: tsohon da ka ciro daban yake da wanda na aiko. Wato allon da ke cikin kwamfutarka ba shi ne wanda ke shafi na 62 ba. Na san za ka ce littafi ba ya ƙarya. Ban ce ya yi ba. Cewa na yi ka rufe shi, ka ɗauki tocila, ka sa kanka cikin kwamfutar, ka karanto mini abin da aka rubuta a jikin allon kansa, da abin da ke jikin tsohon RAM. Laifina ne ma da ban ce ka yi haka tun farko ba, na biye wa littafinka.

Yanzu ga gaisuwar: ina gaida kowa. Gwaggo tana raina. Direba zai jira amsarka, ko da zai kwana a tasha.

Ni ce

*

Talata, 27 ga wata

Injiniya,

Kwantar da hankalinki, ban tsaga ba. Amma ba wayona ba ne.

Ranar Asabar na yi wanka, na shimfiɗa ƙyalle, na buɗe akwatin Baba, babu magagari. Na zazzage komai. Malama na tsaye a bakin ƙofa tana gyaran takardun ɗalibai, ta ce, "Me kake nema ne, Baban yara?" Na faɗa mata. Ta ce, "Allah sarki, ko ɓera ne?" Na ce ɓera ba ya cin ƙarfe. Ta ce, "Na gidan nan masu ilimi ne." Kwana uku ina nema. Yau da na karanta mata wasiƙarki ta buɗe jakarta ta makaranta ta ciro shi daga cikin kwalin alli. Ta ce ita ba ta san RAM ba, amma ta san duk abin da sai an ci masa haƙori kafin ya zauna, ba wurinsa ba ne.

Na yi yadda kika ce. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, sai da na maƙala gilashin idon Baba na gyaran agogo. Lambar daban ce, Injiniya. Ba ta ma yi kama da ta littafi ba. Na zauna a ƙasa ina cewa ba zai yiwu ba, ba a taɓa buɗe kwamfutar nan ba, da an buɗe da na rubuta.

Sai Malama ta zauna kusa da ni ta ce, "An buɗe. Ni na kai ta." Ta ce makon da Baba ya rasu, kwana biyu da yin jana'iza, aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi ƙauri ta mutu. Ta san hotunan Baba duk suna ciki. Ta dube ni a lokacin, ta ga ba zan iya ɗaukar wani rashin ba. Ta naɗe ta a zane ta kai wa mai gyara, ya ce allon ya ƙone, ya sa wani na hannu da ya samu, da RAM ɗinsa. Ta dawo da ita ta ajiye a inda take, ta goge ƙurar tebur yadda ba zan ga an motsa ba. Daga baya ta manta, sai da ta ji kin ce allon ba shi ba ne.

Na ɗauko littafi na sha bakwai. Tun ina shekara goma sha tara ban taɓa tsallake rana ba, haka nake gaya wa kowa. Amma ga su nan: shafi bakwai farare, kwanan wata kawai a sama. Ni kaina na manta da su. Duk lissafina na shekara biyar a kan allon da ba ya nan na yi shi.

Ga lambobin a ƙasa, na jikin allo da na jikin tsohon RAM. Wannan karon daga ƙarfen na kwafo. Malama ta duba da gilashin ita ma, ta sa hannu a gefe. Ina mayar miki da guda biyun, ɗayan da jan ɗigo a jikinsa, ki yi haƙuri. Kwana ashirin da takwas sun tafi, amma yau zuciyata fes take, don yanzu mun san abin da muke nema.

Magatakarda

*

Alhamis, 6 ga sabon wata

Magatakarda,

Lafiya lau, hanya ta gyaru. Ka ce wa Malama daga yau ita ce Injiniya, ni 'yar aikenta ce.

Allon naka tsohon samfuri yake ci, kuma mai ƙaramar wuta, shi ya sa aka ɗan sha nema. Shaguna shida mai ajiyar kayanmu ya shiga. Ga biyu nan, takwas-takwas, iri ɗaya sak. Cire tsohon gaba ɗaya, gurbi biyu ne kawai, kuma ba na son a gauraya. Da ka kunna, in allon kallo ya yi baƙi na ɗan lokaci, kada ka firgita, ƙirga sabon wurin take yi. Ba ta minti ɗaya. Kada ka taɓa komai mai haƙori ko kaifi.

Mai jan ɗigon na ajiye shi a kan teburina. Duk wanda ya tambaya sai in ba shi labarin taubashina.

Yi sauri. Ina nan ina ƙirga kwana tare da kai.

'Yar aiken Malama

*

Lahadi, 16 ga wata

Taubashiyata,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, kowa na gaishe ki, kuma ki zauna kafin ki karanta.

Ya shiga! Wushirya kan tudu, na danna, ƙas. Na biyu, ƙas. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba. Na kunna, ta yi baƙi, na ƙirga a fili, Malama na riƙe da gefen rigata. A daƙiƙa ta talatin da ɗaya ta haska. Giga sha shida! Na yi kabbara har maƙwabci ya leƙo ta taga yana tambayar ko lafiya.

Kwana shida na yi ina aikin bayan na taso ofis, ba ta sandare ko sau ɗaya ba. Na matso da fuskar Baba har ta cika allo, na ƙara haske har ana ganin furfurar gemunsa ɗaya-ɗaya. Inda ya ɗago ya yi dariya na rage masa gudu.

Jiya da safe muka rufe labule, muka jona da babbar talabijin, muka sa kujerar Inna dab da ita. Ta ce, "Wai me za ku nuna mini ne kuke ta kaye-kaye? Ni da ba gani nake ba." Na ce ki dai duba, Inna. Na danna.

Ta matso da fuskarta. Ta karkatar da kai ta kawo idon dama. Ina cewa a raina mun makara, wata ɗaya da rabi na ɓata. Baba na ta magana a kan sukuru, ita ko motsi. Sai ya ɗago ya yi dariyar nan.

Ta ce, "Tsayar da shi."

Na tsayar. Ta miƙa hannu ta taɓa gilashin, daidai goshinsa. Ta ce, "Ku dubi hular nan. Shekara arba'in ina ce wa mutumin nan ya daidaita hularsa, ashe haka ya shiga hoto da ita a karkace." Na duba, wallahi a karkace take, ni da na kwana shida ina kallon fuskar ban lura ba. Ta gani, Injiniya. Har hula ta gani.

Malama ta fita da sauri wai ta bar abu a kan wuta, alhali ba ta ɗora komai ba. Inna ta ce, "Sake shi ya ƙarasa maganarsa." Da ya zo wajen "Matsa, kai ba gilashi ba ne," ta yi dariya har da tari, ta ce da ni, "Kai yake nufi, matsa." Ashe na tare mata gefe. Na matsa. Ta ce a maimaita. Ban san sau nawa muka maimaita ba, ban ƙirga ba.

Kwafinki yana cikin filas ɗin da ke ambulan, na naɗe shi da takarda biyu. Tsohon RAM ɗin na sa shi a akwatin Baba kusa da magagari.

Yau da na buɗe littafi zan rubuta na yau, na tarar shafin jiya fari ne, kwanan wata kawai. Na ɗauki biro in cike, sai Inna ta ƙwala mini kira daga falo, wai in zo in kunna mata mai karkatacciyar hula. Bari in je, direba ma na jira.

Naki har kullum,
Magatakarda